Yadda Isiyaku Ya Girbe Geronsa da Hular Kwano

Wata safiyar Talata, makonni uku da suka wuce, maƙwabcina Malam Isiyaku ya ɗauki laujensa ya nufi gona, kamar yadda yake yi kowace kaka tun kafin a haifi rabin mutanen Ɗankaza. Yana isa ya tarar an zagaye gonar kakaf da jan ƙyalle, an kafa allo an rubuta cewa an rufe wannan wuri har sai abin da hali ya yi. Gonar ba ta taɓa yin ƙofa ba, amma wannan bai hana a kawo ƙaton kwaɗo a rataya a reshen darbejiya a kulle ba. A gindin bishiyar kuma ga Sabo, abokinsa tun suna kiwon awaki, ya hakimce kan benci da sabuwar rigar gadi.

Suka gaisa a tsanake. Aka tambayi kwana da gajiya da iyali, aka tambayi ƙafar Sabo da ke damunsa. Da Isiyaku ya ɗaga ƙyallen zai wuce, sai Sabo ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Malam Isiyaku, ka yi haƙuri. An ce kada na bar kowa ya shiga."

"Gonata ce fa, Sabo."

"Na sani. Har na gaya musu. Sai suka ce ai shi ya sa suka ɗauke ni, tunda na san mai ita, zan fi saurin gane shi idan ya zo."

Mai karatu, bari na koma baya kaɗan don ka fahimci yadda aka yi. Mu a Ɗankaza waya abin ado ce. Muna kunna fitilarta, muna sauraren karatu a ciki, amma sabis sai mutum ya kama hanyar Wudil ya yi tafiya mai nisa kafin ta farfaɗo a aljihu. Safara'u, matar Isiyaku, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana kai wa masu abinci a kusa da jami'ar Wudil, kuma sau da yawa saƙon masu neman mai yakan iso mata bayan sun gaji sun saya a wani wuri. Don haka da wani kamfanin waya ya turo injiniyansa, wani mutum mai sanyin magana da ake kira Mudassir, ya ce kusurwar gonar Isiyaku ce ta fi tudu, nan ya dace a kafa ƙarfen sabis, Isiyaku bai ja zance ba. Kusurwa ɗaya ce, ba ta fi filin shanya ba. Kafin ruwa ya sauka ƙarfe ya miƙe sama, ana hango shi daga ƙauyuka uku. Saura a ɗaura na'ura kawai.

Sai manya suka fara zuwa.

Na farko shi ne Kwamitin Ƙarfafa wa Masu Zuba Jari Gwiwa, Allah ya ƙara musu lafiya. Motoci huɗu suka zo da su. Shugabansu ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan yadda ƙofarsu take a buɗe ga duk mai son kawo ci gaba, har Isiyaku ya tafa. Da ya gama sai ya nemi injiniya ya nuna takardar shaidar cewa an yi wa kamfanin maraba. Mudassir ya ce ai yanzu ne ake yi musu marabar. Shugaba ya ce to ashe ke nan sun fara aiki kafin a marabce su, wanda babban laifi ne. Aka ɗaura ƙyalle a gindin ƙarfen.

Bayan kwana tara Kwamitin Lura da Dogayen Abubuwa ya iso, ya ɗaga kai, ya ce ƙarfen ya yi tsawo. Masu bin bayansu kuwa, Kwamitin Tsara Gine-gine, suka ce a dokarsu duk abin da ya wuce hawa biyu gini ne, kuma ba a yarda da gini marar banɗaki da taga ba. Mudassir ya yi musu bayani cikin ladabi cewa abin gaba ɗayansa taga ne, iska na shiga ta ko'ina. Suka rubuta cewa ya amsa laifin rashin banɗaki.

Daga nan koke ya yi yawa, har manyan manya suka ji tausayin masu zuba jari, suka kafa Kwamitin Rage Yawan Kwamitoci. Wannan kwamiti ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Ya zo ya kwance ƙyallayen sauran ukun duka, ya ce daga yau ƙyalle ɗaya ya isa. Sai dai nasu ƙyallen sabo ne ful, mai tsawon gaske, kuma shugabansu mutum ne mai ƙin almubazzaranci, ya ce ba za a yanka kayan gwamnati a ɓata ba. Aka yi ta warware shi har ya ƙare, ya cinye gonar Isiyaku da geron da ke cikinta.

To, gero ya nuna, ya sunkuyar da kai. Rumbun Isiyaku kuwa an share ƙasansa tun watan jiya, ga bakuna goma sha ɗaya a gida. Washegarin ranar da Sabo ya tare shi, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya shiga mota zuwa birni. Ya kwana biyu yana zaman benci kafin a shigar da shi wajen Mai Girma Sarkin Hatimi, mai buga hatimi a takardun izini, wanda ya karɓe shi da fara'a, ya ce matsalarsa ƙarama ce. Yanzu an daina wahalar da talaka da takardu, in ji shi, komai ya koma waya. Ya cike buƙatarsa ta waya kawai, cikin minti biyar za a ba shi izinin shiga. Sharaɗi ɗaya ne: don maganin 'yan damfara, dole ya aiko da buƙatar yana tsaye a bakin gonar, na'urarsu ta ga inda yake.

"Ranka ya daɗe, babu sabis a bakin gonar."

"Ba an kafa muku ƙarfe ba?"

"Shi ne kuka rufe."

"To ka gani. Da zarar an buɗe sai ka aiko."

Isiyaku ya ce mini ya daɗe yana kallon bakin mutumin ko zai ga alamar wasa, bai gani ba. Ya yi godiya, ya ɗauki takalmansa.

Kafin ya dawo, tsuntsaye sun riga sun samu labari. Na gan shi da idona a kwanakin nan, tsaye a bayan jan ƙyalle tun hantsi, yana buga tsohon galan da sanda, yana jifa da hoge, geron da ya yi wa noma uku yana raguwa a gabansa. Ba ya cin abinci sosai. Ya daina zama da mu bayan la'asar. Sabo ma abin ya dame shi, har ya riƙa taya shi ihu daga kan benci, ko da yake ya ce a takardar aikinsa mutane aka ce ya hana, ba a ambaci tsuntsu ba. Wasu sun ba Isiyaku shawara ya tsallake ƙyallen kawai, amma ya ƙi. Ya ce in ya shiga, Sabo za a kora, kuma wannan ne aikin farko da Sabo ya samu tun da ƙafarsa ta hana shi noma.

Safara'u ce ta samo mafita. Ta kawo masa fura, ta tsaya tana karanta allon a hankali, har da ƙananan rubutun ƙasa da babu wanda ya kula da su. Ta ce, "Malam, ai nan an ce ban da ma'aikatan kamfani masu sanye da kayan kariya."

Da yamma suka sami Mudassir a Wudil. Da farko injiniyan ya ce shi ma takardun tuhuma huɗu ne a kansa. Sai Isiyaku ya zaro zangarniya guda daga aljihu, wadda tsuntsu ya cinye rabinta, ya ajiye masa a kan tebur. Injiniya ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya jawo takarda ya rubuta cewa kamfani ya ɗauki Malam Isiyaku da mutum goma sha ɗaya aikin kawar da tsirran da ke kewaye da na'ura. Ya buɗe bayan mota ya fito da hulunan kwano da riguna masu ƙyalli.

Ni ma ina cikin goma sha ɗayan. Ban taɓa sanin hular kwano na dafa ƙwaƙwalwa ba sai ranar. Sabo ya duba sunayenmu a takardar ɗaya bayan ɗaya, da gaske, ya ɗaga mana ƙyalle yana sara mana. Isiyaku ya ɗora tasa hular a kan hularsa ta kullum, ya yi bismilla, ya sa lauje. Ban ga ya ɗago ba sai da ya kai ƙarshen kunya ta farko, kuma da ya ɗago dariya yake yi shi kaɗai.

Muna cikin ɗaurin dami a rana ta biyu sai ga motoci. Tawagar Masu Duba Ci Gaban Ayyuka ce, ƙarƙashin wani babban yallaɓai da ake riƙe wa lema. Muka dakatar da aiki muna jiran faɗa. Shi kuwa ya ga mutum goma sha biyu cikin hular kwano suna zufa a gindin ƙarfe, sai fuskarsa ta washe, ya ce a ɗauki hoto. Ya nuna dammunan da sandarsa ya tambayi Isiyaku ko waɗannan wane irin kayan aiki ne.

Isiyaku ba ya ƙarya. "Gero ne, ranka ya daɗe."

Yallaɓai ya juya wajen magatakardansa. "Rubuta. Aiki ya kankama, har al'umma sun fara girbar amfaninsa."

Ranar Laraba muka ji a rediyo an lissafa Ɗankaza cikin garuruwan da sabis ya wadata, kuma an karrama kwamitoci huɗun saboda haɗin kai. Kamfani ya gaji ya mayar da Mudassir wata jiha. Sun so su kwance ƙarfensu su tafi da shi, aka ce kwancewa ma sai da izini. Wani kamfanin da ya fara leƙo mu ya ji sanarwar, ya ce tunda an riga shi ba sai ya zo ba. Isiyaku dai ya tsira da kashi biyu cikin uku na geronsa, ya aika wa Sabo dami biyu.

Juma'ar nan muka tafi kasuwar Wudil tare. Muna hawa gada wayarsa ta farfaɗo, saƙo ya shigo. Ya miƙo mini na karanta masa: ana taya shi murnar samun ingantaccen sabis a Ɗankaza, ana roƙonsa ya bayyana gamsuwarsa, daga ɗaya zuwa biyar. Ya tambaye ni wanne zai danna.

Na ce ya danna biyar. In ya danna ɗaya za su turo kwamiti ya binciki dalili, ga shi kuwa bai cire wakensa ba tukuna.