Fentin Hambali da Barkonon Inna

Wanda ya san Hambali, malamin dabbobi na nan Gumel, ya san motarsa. Wata tsohuwar jif ce mai ratsa rairayi, irin wadda ake kwance rufinta a ajiye gefe. A tafiya ba ta da laifi, ko raƙumi ya shafa mata lafiya. Aibinta ɗaya ne, zafi. Rufin nan baƙi ne ƙirin ciki da waje, in rana ta take, na cikinta sai ya fara tuna zunubansa.

Baffa Tanimu, ƙanin mahaifin su Hambali, sau ɗaya ya taɓa shigarta. Ya fito rawani sharkaf da gumi, ya ce shi da motar nan haihata-haihata. To ga shi an sa ranar Asabar za a je nema wa Nafi'u, ƙanin Hambali, aure a wani ƙauye can bayan Maigatari, inda ƙaramar mota ba ta shiga. Mahaifinsu ya rasu, Baffa ne uba. In bai je ba, babu wanda zai karɓi goronsu, ga shi an ce wani ɗan mai gari ma yana ta shawagi a ƙofar gidan yarinyar. Hambali ya je ya durƙusa, ya yi alkawarin zai yi maganin zafin kafin ranar. Baffa ya ce ya ji, amma in ya ji ɗumi ko kaɗan a hanya, sauka zai yi ya dawo gida a ƙafa. Kuma kowa ya san Baffa, in ya faɗa sai ya aikata.

Dabarar da Hambali ya fito da ita, wai ya shafe cikin rufin da farin fenti. Ni da nake abokinsa, na ce masa rana ai ta waje take duka. Ya ce ni me na sani a harkar mota, ni da ko keke ba ni da shi. Na ce to ya kai wa masu fenti na bakin tasha. Ya ce shi da yake danne bijimi ya yi masa allura, gwangwanin fenti ne zai gagare shi? Na ƙyale shi, don ina son ganin ƙarshen abin.

Ranar Juma'a da safe muka kwance notuna, mu huɗu muka ciccibi rufin da nishi, muka shiga da shi tsakar gida muka juya shi, cikinsa na kallon sama. Hambali ya goge shi da sanfefa, ya sirka fentin mai da kananzir, ya yi ta zabga shi da buroshi har ya karkaɗe gwangwanin. Gaskiya ya yi kyau, fari tas har yana ɗaukar ido. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallo, sannan ya yi wanka muka tafi masallaci. Bai gaya wa kowa komai a gidan ba, don a ganinsa mota ba zancen mata ba ce.

Ashe Inna, mahaifiyarsu, ta ɓarza barkono kwano biyu na yajin biki, tana neman inda za ta shanya, awaki sun cinye gefen tabarmarta. Tana fitowa sai ga wani ƙaton farin faranti a tsakiyar rana, mai baki ta kowane gefe, iska ba za ta kwashe komai ba. Tsohuwa ta yi hamdala, ta juye, ta baje da bayan ƙwarya.

Da muka dawo, Hambali ya tsaya cak. Ga Inna tsaye, ga barkononta baje a kan sabon fentinsa. Amma uwa ce, babu halin ɗaga murya. Ya tsuguna, ya sassauta harshe.

"Inna, ai wannan rufin mota ne."

Ta dube shi, ta dubi abin. "A gidan nan, abin da aka kife shi ne rufi. Wanda aka bar bakinsa a sama, mazubi ne. Kai dai ka kawo abu mai danƙo, ka ɓata mini barkono."

Shi ne ma ya ba ta haƙuri. Muka kwashe na sama da tsintsiya, muka kankare na ƙasa da cokali. Abin da ya rage ya kama fentin, rufi ya zama fari mai ɗigon ja. Fenti ya ƙare, lokaci ya ƙure. Hambali ya shafa da tafin hannu ya ce ai ya zauna daram, ko girgizar ƙasa ba za ta sauko da shi ba. Muka mayar muka ɗaure.

Asabar da hantsi Baffa ya fito cikin farar babbar riga, ya shiga gaba. Ni da dattawa biyu muna baya da ƙwaryar goro. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce zanen ya yi kyau. Hambali ya ce sabon yayi ne.

A kan kwalta lafiya lau. Muna sauka gargada, rana ta fara gasa rufin, sai na ga wani jan gari yana saukowa a hankali. Baffa ya yi atishawa, ya ce alhamdu lillahi, muka amsa masa. Ya sake, muka amsa. Daga ta uku kowa ya shiga tasa. Zafi kuwa yana nan yadda yake, ko ma ya ƙaru. Na tabbata Baffa so yake ya ce a tsaya ya sauka, amma duk ya buɗe baki sai atishawa ta riga shi. Hambali kuwa, mugu, ya yi kamar bai gane ba. Baffa na ɗaga hannu, shi yana cewa yarhamukallahu yana ƙara taka mota. Tausayin tsohon ya kama ni ƙwarai, dariya kuma ta hana ni taimakonsa.

A haka muka isa ƙofar gidan surukai. Muka firfito ido jajir, hawaye da majina, rigar Baffa duk ta yi ɗigo-ɗigo. Masu gida da suka taso taryarmu suka ja suka tsaya, ɗaya har ya fara salati, yana zaton rasuwa muka zo faɗa.

Hambali ya zagayo ya kama gefen rigar Baffa yana kakkaɓewa, ya yi ƙasa da murya.

"Baffa, amma dai zafin ya ɗan ragu, ko?"

Baffa ya fyace hanci, ya share ido da bakin rawani, ya ƙare masa kallo.

"Wancan karon gasa mu kawai ka yi. Yau har da barbaɗa yaji. Nemo albasa da takarda ka naɗe mu, ka miƙa wa surukai."