Gudun Da Na Yi A Garin Surukaina

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tashi hankalin garin surukaina ba. Lokacin matata Hadiza tana gidansu a Taloka, ta je wankan jegon ɗanmu na fari. An yi arba'in har an ɗora makonni a kai, ni kuma ina Wurno ina fama da garin kwaki da kewa. Sai na shirya na je roƙon mahaifinta, Baba Alhaji, ya ba ni iyalina. Ya ce in kwana, da safe za mu yi magana.

A shekarar ne likita ya dubi tumbina ya ce in riƙa motsa jiki, ni kuma na gano shirye-shiryen gidan rediyon gwamnati da ake saukewa a waya, mutum ya saurara sa'ad da ya ga dama. Su nake saurara in ina gudun safe, har na zama dillalinsu (ba wanda ya ɗauke ni aikin). Da yamma a majalisar abokina Bello, inda na sauka, na buɗe wa samari karatu. Na ce shirin lafiya da sassarfa yake tafiya, na noma da kiwo sai da gudu sosai don mai gabatarwar yana da saurin baki, wasan kwaikwayo kuwa kada a kuskura, dariya tana yanke numfashi. Na ce duk mai so ya biyo ni gobe bayan asuba. Suka yi ta gyaɗa kai, irin wanda ake yi wa baƙo.

Gari na wayewa na ɗaura takalmi, na toshe kunnuwa biyu da iyafis, na kunna shiri kan yadda ake adana albasa kada ta ruɓe, na zuba da gudu ta tsakiyar gari. A Wurno filin makaranta nake zagayawa, kowa ya saba da haukata. Ko kaɗan ban tuna ba cewa nan da ido ɗaya ake kwana saboda 'yan bindiga, kuma babba ba ya gudu sai da dalili.

Da na zo ƙofar gidan surukaina sai na ƙara wuta, don kada a ga suruki da gajeren wando. Can na waiwaya, sai ga samari a bayana. Wallahi daɗi ya kama ni. Na ɗaga hannu ina yafuto su, ina cewa a ƙara sauri (da iyakar muryata, tunda mai toshe kunne ba ya jin kansa). Na sake waiwayawa, ga mata da goyo, ga wani ya saɓo akuya a wuya, ga wata tsohuwa riƙe da tukunyar kunu. Na ce a raina lallai Taloka an waye, har dabbobi ake fitowa da su motsa jiki.

Muna isa gonakin albasa wani ya wuce ni fuu. Baba Alhaji ne, dattijon da jiya sai da aka kama shi ya miƙe daga tabarma, ba hula ba takalmi, rungume da ɗana. Hadiza na biye da shi tana kuka. Nan na fizge iyafis, na ji salati da kururuwa sun cika ko'ina.

Baba ya tsaya yana haki, ya ce, "Mi kag gani? Ta ina sunka hito?"

Jama'a suka kewaye ni. Wayar nan kuma ta ci gaba da bayani a fili kan yadda ake shirya rumbun albasa. Na ce, "Baba, ba kowa. Motsa jiki nike."

Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwar nan ta ajiye tukunyarta ta zauna a ƙasa. Ban taɓa jin haushin kaina irin na wannan lokacin ba.

Baba ya miƙa wa Hadiza jaririn, ya dube ni a natse. "Cikin biyu ka zaɓi guda," in ji shi. "In ɓarayi kag gani, ka wuce ƙohwar gidana ba ka kira matarka da ɗanka ba. In ko ba ka ga kowa ba kake wanga gudu, to kanka ba daidai yake ba. Wanne daga cikinsu zan ba ɗiyata?"

Har yau ban samo amsar ba. Na bi gida-gida ina ba da haƙuri, na koma Wurno ni kaɗai, kuma sai da kawuna ya je sau biyu kafin a sako mini iyalina bayan Babbar Sallah.

Ban daina ba mutane shawarar shirye-shiryen nan ba, domin suna da amfani. Sai dai yanzu nakan ce, kafin ka zaɓi abin da za ka saurara, ka fara tambayar 'yan gari abin da ke sa babba gudu a wurinsu. In ka ji sun yi jim, yi tafiyarka a hankali kana gaida mutane.