Ranar da Na Ɗanɗana Takin Abuja

Shekara talatin ina noma a Zuru, kuma na sha bugun ƙirji cewa babu takin da zan shinshina ban gane shi ba. Bakina ne ya jawo mini.

Wata Lahadi mun taso daga coci, sai ga 'yata Rahila daga Abuja da buhun taki, tsarabar lambuna na tumatir. Maƙwabta suka taru. Na kwance buhun, na ga abu baƙi, mai laushi, ba wari.

"Baba, tsaya in yi maka bayani," in ji ta.

"Ke, ni za ki koya wa taki?"

Na damƙo, na murza, na shinshina. Da na ga idanu na kaina, sai na ɗora kaɗan a harshe, na lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya.

"Kashin shanu ne," na ce, "na garin Dirin Daji ma kuwa."

Rahila ta rufe baki da gyale. "Baba, bayan gidan mutanen birni ne, aka tace, aka busar, aka sarrafa."

Maƙwabcina, tsohon soja, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Matata kuwa ta ware mini kofina daban har mako guda.

Tumatir ya yi kyau ƙwarai. Amma har yau, in aka sauke taki a kasuwa, sai wani ya ƙwala mini kira: "Baban Rahila, zo ka ɗanɗana muna, na wane gari ne?"