Jan Ƙyallen Kawu Tunau

Gidanmu a Unguwar Goje rumbu ɗaya gare shi, babba, na laka. Akwai Baba Sallau, akwai Inna Tabawa, akwai ƙaninta Kawu Tunau, wanda in ka ce masa ya kama bakinsa sai ya sa hannu biyu ya kama. Akwai ni, Hashimu, da na tsaya a aji uku. Sai Yaya Lurwanu, Allah ya jiƙansa, wanda ya tafi da daminar bana ya bar gidan kamar tukunyar da aka kwashe.

Yaya aikin kwamfuta yake yi, can cikin zuciyarta. Da ya zo hutu ya tarar an cakuɗa dawa da gero, don wani yana zubawa wani yana ɗiba, sai ya yi dariya. Ya ce haka take a na'ura: ma'aikata da yawa, rumbu ɗaya, sai 'yar tuta guda, ko sama ko ƙasa; in tana sama wani yana ciki, kowa ya jira. Ya ɗaura jan ƙyalle a gora, ya damƙa wa Kawu. Wayyo murna! Ranar ko tuwo Kawu bai ci ba.

Wata rana Yaya ya ce, "Kawu, dubawa da ɗagawa a numfashi ɗaya ake yi, kada wani ya shiga tsakani." Da Inna ta ɗauki ƙwarya za ta rumbu, Kawu ya cika ƙirji da iska tun daga zaure, ya sheƙa da gudu. Idanu suka fito, ƙafafu suka harɗe, ya faɗa kwamin dusar awaki.

"Tunau, aljanu ne?" in ji Inna.

"Numfashin ne ya ƙare, Yaya Tabawa. Ɗaya aka ba ni."

Wata rana kuma Yaya ya ce masa, "Saukewa ita ce ƙarshe. Na'ura ma in ba a tsare ta ba sai ta sauke tuta kaya suna hanya. Kada ka sauke sai wanda ya shiga ya fito, abin da aka zuba ya zauna." Ashe ranar da aka zuba sabuwar dawa wata kaza ta faɗa ciki. Kawu ya hau tsani yana lallashi.

"Hajiya, ki zauna mana. Ko ki fito. Zaɓi ɗaya!"

Kaza ta ƙi. Tuta ta kwana sama, mu muka kwana da rogo, Yaya yana dariya har da riƙe ciki.

Wata rana, bayan an yi sadakar arba'in ɗinsa, gidan ya yi mini ƙunci. Na hau tsanin rumbu da hantsi, Kawu ya ɗaga tuta, na ce, "Kawu, kada ka gaya wa kowa ina ciki." Na kwanta a kan dawa, tana ƙamshin gonar da muka nome tare, na yi kuka har barci ya sace ni. Ban san ranar ce Baba zai jefa ƙwayar maganin ƙwari ya liƙe bakin rumbu da laka ba, ƙwayar nan da ko ɓera ba ya kwana da ita.

Hayaniya ce ta tashe ni. Kawu ya janye tsani ya zauna a kai, ya rungume gora.

"Tashi, Tunau! Laka na bushewa!" in ji Baba.

"Tuta na sama, Malam."

"To sauke ta mana!"

"Lurwanu ya ce sai an fito."

"Lurwanu yana kabari, Tunau. Wa zai fito? Wata kazar ce?"

"Ba zan faɗa ba! Ko yanka ni za ka yi! Hashimu ya ce kada in gaya wa kowa yana ciki!"

Sai na ji kwanon laka ya faɗi. Inna ta ƙwala salati. Baba ya jingina tsani, na sauko da ƙaiƙayi a gashi, ya riƙe ni.

Kawu ya dube ni sama da ƙasa. Ya hau ya leƙa dawa, ya ga ta zauna. Sannan ya ja numfashi ɗaya, ya sauke tuta.