Zagi Na Wata-Wata

Maƙwabcina Malam Ilu ya gaji da yawon gidan gem da 'ya'yansa biyu suke yi, su fita tun hantsi, sai yunwa ta koro su. Ya ce gara ya saya musu nasu su zauna a gabansa. Ranar Talata ya shiga kasuwar 'yan waya, ya faɗa shagon wani ɗan gaye mai baki kamar gidan rediyo, irin waɗanda da sun ga mutum da babbar riga sai su ɗauka yau ya fara ganin kwalta.

Mai shagon ya sauko da wata farar na'ura yana shafa ta kamar jaririya. Malam Ilu ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Samari, ta ina ake sa mata kaset?"

Mai shago ya yi dariya har da dukan tebur. "Kaset? Haba Baba, an wuce nan tun tuni! Wannan komai nata a intanet yake. Ka sa data, ka sayi wasan da kake so, ka sauke shi. Sai ɗan abin da za ka riƙa biya duk wata, su bar ka ka kara da mutanen duniya. Kana zaune a tabarmarka, ka buga ƙwallo da mutumin Japan!"

"Ni me na yi wa mutumin Japan?"

"Baba, kai dai gwada ka ji."

Ya maƙala masa abin ji a kunne, ya danƙa masa abin dannawa, ya haɗa shi da wani can wata uwa duniya. Kafin Malam Ilu ya gane waɗanne 'yan wasa ne nasa, an zura masa shida. Duk ƙwallon da ta shiga kuma sai wata ƙatuwar murya ta cika masa kunne, tana ƙyaƙyata dariya tana surfa masa magana. Bai san yaren ba, amma bai nemi tafinta ba, don ko da wane harshe aka ambaci uwar mutum yana ganewa. Ya cire abin a hankali ya ajiye, kunnensa na zafi.

Mai shago ya washe baki yana kallon 'yan kallon da suka taru. "Ka ji ko? Kai tsaye kenan, kamar yana gabanka! Wannan daɗin ne mutane suke biya duk wata. Amma fa sai wanda ya waye. Ku mutanen da, abin ya fi ƙarfinku."

Malam Ilu ya gyara hularsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Samari, shekarata ashirin ina alƙalin wasa. Duk Asabar sai an zage ni, kuma ni ake biya."