Mu da aka haifa ɗaya ga Janairu

Jiya na wuni a kan tudun bayan garinmu, can wajen Shanono, ina neman kaina a cikin waya. Ba ɓata na yi ba, jama'a. Masarata ce ta fara yin ɗorawa tana neman taki, manya kuma sun ce bana babu layi babu turereniya: ka nemo sunanka a shafinsu na intanet, lamba ta fito, ka kai sito kafin Alhamis ka ɗauki buhunka. Allah ya saka musu da alheri, sun ɗauke layi daga rana sun zuba shi a waya.

Wayata mai tocila ce, don haka na roƙi maƙwabciyata Malama Zulaihatu, mai koyarwa a firamare, ta taimaka da tata. Tudun kuwa nan ne kaɗai sabis yake leƙowa.

Shafi na buɗewa sai ga hoton Ranka-ya-daɗe Uban Rabo, shugaban rabon takin, yana saukowa a hankali: hula tukuna, sannan goshi, sannan murmushi. A ƙarƙashi ana taya shi murnar zagayowar ranar haihuwa, da suna da kwanan wata ɓaro-ɓaro. Akwatin neman suna kuwa sai da muka gangara can ƙasa muka tsinto shi, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero.

"Baba Hadi, suna da ranar haihuwa kawai yake so," in ji Malama.

To, a nan aka samu cikas. Ranar rajistar manoma, da ma'aikaci ya tambaye ni ranar haihuwata, na ce masa shekarar da fari suka cinye gero, kamar yadda Inna ta gaya min. Ya dubi furfurata ya ƙiyasta shekara, ya rubuta ɗaya ga Janairu. Haka ya yi wa kowane dattijo, gari bayan gari. Kai ka ce rana guda ungozomomin ƙasar nan suka yi aiki.

Malama ta danna. Hadi Iliyasu ɗari uku da goma sha biyu suka fito, dukanmu tagwaye. Babu sunan gari, babu hoto. Sai ka buɗe mutum sannan ka ga inda yake, in ka koma baya kuma hula ta sake saukowa, sannan goshi.

"Da sun sa wurin zaɓar gari, ai da tuni mun gama," in ji ta.

Na ce, "Malama, ko matata Barira ta fi injin nan. Ki ce mata Hadi, za ta ce wanne, na bakin rijiya ko mai jan bijimi? Tambaya ɗaya, an wuce wurin."

Kafin la'asar mun buɗe Hadi arba'in da bakwai, na Kunci da na Tofa da na garuruwan da ban taɓa ji ba. Maƙwabcina Tasi'u ya zo wucewa da kekensa ya ce, "Malam Hadi, an same ka?"

Na ce, "Tukuna dai, amma na gaisa da takwarori."

Dariya muka yi, amma raina a ɓace yake. Masarar nan ita ce tuwon gidana har wata damina.

Batir na shirin mutuwa, sai Malama ta ce bari ta gwada wani abu. Ta kwafi suna da ranar haihuwar mai hular ta zuba a akwati. Kafin ƙiftawar ido sakamako ya fito, guda ɗaya tak, tsaf da shi: manomi, buhu ɗari biyu, an karɓa.

Saboda haka kada wanda ya ƙara ce min injin nan ba ya aiki. Yana aiki sarai, sai dai ga wanda aka haifa a ranarsa shi kaɗai.

Gobe Alhamis, saura min Hadi ɗari biyu da sittin da biyar. Ɗaya ga Janairu kuma ina gayyatar kowa bikin haihuwata. Kada ku wahalar da kanku da kyauta, amma kowa ya taho da tuwonsa.