Gumurzun Badamasi Mai Faci da Dannau Ranar Sunan Tagwaye

Da sunan Wanda ya halicci barci ya sanya shi hutu ga bayinsa, sannan ya halicci jarirai domin bayin su san darajarsa. Bayan haka, wannan shi ne tarihin gwarzo ɗan gwarzo, Badamasi ɗan Haladu ɗan Tanko Mai Jaki ɗan Barau Ci-Tuwo-Tsaye, wanda zuriyarsu ta sauka Kazaure tun duwatsun garin suna tsakuwa, jikan mazajen da ba a taɓa jin sun gudu daga fagen fama ba, domin ba a taɓa jin sun je ba. Shi ne mai facin bakin tasha, dodon ƙusa, angon taya, mai mayar da iska inda iska ta yi hijira, wanda in ya ɗaga guduma tayar tirela kan yi laushi tun kafin gudumar ta sauka.

A shekarar da wannan al'amari ya auku, Allah ya azurta matarsa Shafa'atu da tagwaye a haihuwarta ta uku, mace da namiji. Maruwaita sun haɗu a kan cewa yaran nan da yarjejeniya suka zo duniya: in ɗaya ya gaji da kuka, ɗaya ya karɓi aiki, kada a bar fili babu mai tsaro. Gwaggon Shafa'atu da ta zo wankan jego kuwa, baiwar Allah ce da in ta sa haƙarƙarinta a ƙasa ko ganga aka buga a kanta sai dai ta gyara kwanciya. Saboda haka jijjiga ta faɗo kan Badamasi. Ya yi zarya da jariri a kafaɗa har kiran assalatu, ya faskara itacen ruwan zafi, ya tafi tasha ya yini yana kokawa da tayoyi, ya dawo ya tarar da runduna tana jiransa da sabon ƙarfi. Kwana shida cur barci bai samu masauki a idonsa ba, sai dai ya leƙo ya wuce.

Tun a rana ta huɗu alamomi suka fara bayyana, irin waɗanda kan riga manyan yaƙe-yaƙe. Direbobi suka same shi ya saɓa tib ɗin taya a kafaɗa yana bubbuga bayansa yana cewa, "Yi shiru, uwata, yi shiru." A rana ta biyar ya tsoma tib cikin kwatarnin ruwa don neman huji, sai ya ga kumfar da ke tasowa kowace da fuskarta, duk suna yi masa hamma. A rana ta shida, a kasuwar dabbobi, wani rago mai baƙin wuya ya dube shi ido cikin ido ya ce masa, "Ina gajiya?" Badamasi, saboda tarbiyya, ya amsa, "Ba gajiya." Ya sayi ragon nan take, don kada ya je ya faɗa wa wani.

Sai dai duk wannan bai kai nauyin abin da ke zuciyarsa ba, wato zuwan surukinsa, Malam Ɗayyabu na Ringim, tsohon magatakardan kotu, mutumin da ladabi ke gyara zama in ya shigo. Dokarsa sananniya ce: sallama uku yake yi a ƙofar gida, in ba a amsa ba ya juya, kuma in ya juya ya juya ke nan. Mijin babbar 'yarsa ya taɓa amsa masa sallama daga kwance, yau shekara uku tsohon bai sake taka ƙofar gidan ba. Shi kuwa Badamasi sai da aka yi ta kai gwauro ana kai mari kafin Malam ya yarda ya ba mai faci 'yarsa, tun daga ranar kuma yake lallaɓa mutuncinsa a idon tsohon kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali.

Ranar suna da safe aka raɗa wa yara Hasana da Usaini, aka yanka raguna biyu, aka raba goro da dabino, amma Malam bai iso ba. Ya aiko cewa motarsu ta lalace a hanya, yana nan tafe kafin la'asar. Badamasi ya bugi ƙirji a gaban jama'a ya ce ko ƙasa za ta tsage, a bakin ƙofa Baba zai same shi.

Bayan azahar, da mazaje suka watse, mata suka cika cikin gida da guɗa da suyar nama, sai jarumin ya shiga ɗakinsa na ƙofar gida. Babu wuta, zafi kuma kamar an rufe tanderu. Ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa wa fankar tsaye da ke kusurwa, ya ɗora hularsa a kanta, ya ce wa ransa, "Bayana kawai zan miƙe." Ya kwanta rigingine a tabarma, kansa wajen ƙofa. Da wannan kalma aka ci garuruwa da yawa kafin shi.

Ba a san ko minti nawa suka wuce ba, sai ya farka. Idonsa biyu. Ga rufin ɗaki, ga tsaka a manne a bango, ga ƙamshin soyayyen nama, ga muryar Gwaggo tana faɗa a kan wani kwano. Ya ce bari ya tashi, sai ya tarar an ci garin tun yana barci, an kame ƙofofi, an kafa tuta.

Dannau ne. Baƙin sarki mara gari, mai hari ba sanarwa, wanda ba ya aiko manzo ba ya karɓar sulhu, mai farautar gajiyayyu, wanda ya danne malamai da jahilai bai tambayi sunan kowa ba. Ya taso daga ƙasan tabarma kamar hayaƙin ɗanyen itace, ya tattaru, ya yi jiki, ya hau ƙirjin Badamasi ya harɗe ƙafafu, nauyinsa nauyin tayar tirela huɗu da ƙarafunansu. Da ya sunkuyo, sai ga kan ragon nan mai baƙin wuya da aka yanka da safe, yana tauna a hankali. Ya ce, "Ina gajiya?"

Badamasi ya buga tambarin yaƙi a cikin zuciyarsa, ya kira dakarunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya kira hannun dama, Sarkin Yaƙi, ma'abocin guduma, wanda ya kwance ƙusoshin da suka gagari samari uku. Hannun dama na nan yashe kamar taɓaryar maƙwabta. Ya kira hannun hagu, ya tarar ya riga ya yi mubaya'a ga abokan gaba. Ya aika wa wuya, wuya ya ce ba ya gari. Ya juya ga harshe, sankiran fada, wanda bai taɓa rasa amsa ga direba ba, ya same shi kwance a baki kamar tuwon jiya. Ya kama addu'a a zuci, ya yi nisa, sai ya tsinci kansa yana jero gidajen da za a kai wa naman suna, ya koma farko, ya sake ɓullowa gidan mai unguwa.

A cikin wannan hali ne, ana tsakiyar ɗauki-ba-daɗi, murya ta ratso ɗakin, siririya, a daidaice, kowane harafi da haƙƙinsa.

"Assalamu alaikum."

Inna lillahi! Badamasi ya murza ƙwayar idonsa, ita kaɗai ce ta rage masa cikin rundunar, ya kai ta kusurwa. Ga mutum dogo tsaye, da babbar riga da hula, ba ya motsi, yana kallon surukinsa shimfiɗe kamar kifi a faranti. Bai tsaya tambayar yadda mai sallama ya riga sallamarsa shigowa ɗaki ba, domin a fagen fama ba a bincike. Ya tattara duk iskar da ke cikinsa, shi da iska ce sana'arsa, ya tura ta maƙogwaro. Abin da ya fito bai wuce kukan ɗan tsako da aka rufe da ƙwarya ba.

"Assalamu alaikum."

Biyu ke nan! Ya ga shekara uku suna tahowa a jere. Ya ga Shafa'atu tana yi masa kallon da ya fi magana ciwo. Ya ga ana ba da labarinsa a Ringim, ana cewa ai dama an faɗa, mai faci mai faci ne. Dannau ya gyara zama, ya ƙara taya biyu.

Nan fa, a lokacin da tutoci suka faɗi, ƙura ta rufe rana, sai wasiyyar kakarsa Iya Tabawa ta faɗo masa, wadda ta ce Dannau ba a kama shi ta ƙirji, ta ƙafa ake kayar da shi. Badamasi ya aika saƙo can ƙarshen daula, inda ba a taɓa kai gaisuwar sarki ba, zuwa ga ƙaramin yatsan ƙafar hagu: autan dakaru, ɗan lungu, mara farce mara suna, wanda tun da aka haife shi bai yi wani aiki ba sai karo da ƙafar gado. Ya yi masa kirari. Ya ce, kai ne giwa, kai ne ganuwa! Ya ce, yau gidan Barau Ci-Tuwo-Tsaye a wuyanka yake! Ya yi masa alkawarin sabon takalmi. Gumi ya keto, jijiya ta miƙe, sama ta matso kusa da ƙasa don ta gani.

"Assalamu..."

Yatsa ya motsa.

Kaɗan ya motsa, kamar tururuwa ta yi atishawa, amma ya isa. Ƙafa ta ji ta biyo, gwiwa ta ɓalle, hannun hagu ya warware mubaya'a, Dannau ya tarwatse da tayoyinsa da kan ragonsa, harshe ya kuɓuce gaba ɗaya.

"WA ALAIKUMUS SALAAAM!"

An ce kajin unguwa sun haye katanga, guɗa ta tsaya a maƙogwaron mata, tsakar nan ta saki bango. Jarumin ya yi tsalle ɗaya ya dira a kusurwa, ya zube gwiwa biyu, ya sunkuyar da kai.

"Baba, sannu da zuwa. Baba, an zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen Ringim? Ya Inna da jiki?"

A daidai wannan lokaci, cikin ikon Allah, aka kawo wuta. Rigar ta kumbura ta cika da fushi. Kan ya juya dama a hankali, ya tsaya, ya juyo hagu, ya tsaya, ya sake komawa dama.

"Wayyo Baba, kada ka ce a'a! Wallahi ba kwance nake ba, miƙewa na yi!"

Kan ya ci gaba da girgizawa. Badamasi ya bi shi da rarrafe, in ya yi dama ya yi dama, in ya yi hagu ya yi hagu, yana haɗa shi da girman Allah da darajar jikoki. Hula ta zame ta faɗo, ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ya miƙa da hannu biyu.

"Badamasi."

Daga baya muryar ta fito. Ya waiga. A bakin ƙofa, an ɗaga labule, ga wani Baban tsaye riƙe da 'yar jaka, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, bayansa kuma Gwaggo ce da ludayi da kawunan mata kusan goma. Jarumin ya dubi Baba mai jaka, ya dubi Baba mai girgiza kai, ya rasa wanda zai ba hular.

Malam Ɗayyabu ya dubi fankar tun daga sama har ƙasa, kamar yadda yake duban mai shaida a kotu. Ya ce, "Ƙarasa gaisuwarka, ba na katse wa manya magana."

"Baba... ai na amsa. Kafin ta ukun ta ƙare na amsa."

"Ta ukun me? Ni ban kai ga yin sallama ba. Yanzu na sauka daga babur, ina kakkaɓe takalmi na ji an amsa, har jakata ta kusa faɗuwa." Ya sa ɗaya takalmin a ƙasa. "In kun gama da baƙon naka, a taimaka mini da buta. Tun Ɗambatta nake a matse."

Haka aka tashi daga wannan yaƙi mai girma, wanda Gwaggo ta rantse bai kai tsawon juya nama sau ɗaya a kasko ba. Gwarzo ɗan gwarzo ya miƙe daga shi sai singileti, hula a hannu, ya ratsa mata suna toshe baki da mayafi, ya ɗauko butar da ke bakin ƙofa ya durƙusa ya miƙa. Malam ya karɓa, ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya mayar masa.

"Babu ruwa a ciki."